Hannun Lauje

Wata safiyar damina, ana gab da ɗaukar sababbin ɗalibai a firamaren Dandin Mahe, Baba ya miƙa mana lauje ɗai-ɗai, ni da yayana Bello, ya ce mu gangara fadama mu yanko wa dabbobi haki, wato ciyawa a bakinmu na Sakkwatawa. Ba mu san gwaji ne ba. Ga shanun noma, ga tumaki a turke, dole ɗayanmu ya zauna ya ciyar da su, ɗayan ya tafi boko.

Bello kuwa gwani ne. Zai durƙusa cikin raɓa, ya damƙi harƙiya da hagu, ya ja lauje da dama, babu ƙasa babu saiwa. Shi ya koya mini cewa ɗanyen shi ne haki, in an shanya ya bushe ya zama ingirici, sai a jibge bisa rumfa saboda rani. Ganyen wake harawa ne, shuci na jinkar ɗaki, gamba kuma ta saƙar zana. Ni fa? Kai, abin kunya! Kamun fara na tsaya yi, na yanke yatsa, na dawo da ɗan ƙunshi rabinsa ƙarangiya. Bello ya shigo gida dami ya rufe masa fuska, ya sauke yana murmushi, yana jiran yabo.

Ya kuwa samu. Baba ya ɗaga damin ya jinjina, ya ce, "Wanga hannunai na lauje na. Wancan malalacin a kai shi boko." A kan idona murmushin Bello ya dushe. Shi ne fa mai zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke, shi ne mai leƙen tagar aji in ya dawo daga kiwo. Ni ko a jikina, har tsalle na yi don na huta da ƙaiƙayi.

Yau ina koyarwa a Bodinga. Duk Layya Bello zai iso a babur, ya sauke wa ragona harawa da ingirici, ya tsokane ni: "Malam, har yanzu ba ka iya riƙon lauje ba?" Mu yi dariya. Amma in ya ɗauki littafin ɗana yana jujjuyawa a hankali da yatsunsa masu kanta, sai in rasa inda zan sa idona. Wallahi nauyinsa nake ji. Lalacina ne ya kai ni aji, ƙwazonsa ya bar shi a fadama.