Sallamar da Sakinatu ta yi

Ɗayyabu mutumin Zariya ne, mai gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Harra ta Gabas. Yana sabon aure ya zo Madina, ya bar matarsa Sakinatu wajen iyayensa. Ba da son ransa ba. Sana'ar da aka rubuta masa a iƙama, takardar izinin zama, ƙarama ce, mai irinta ba a ba shi izinin kawo iyali. Aka ce masa in ya samu digiri na biyu za a canja ta.

Ana haka sai wata kwalejin 'yan kasuwa, reshen wata makaranta ta ƙasar waje, ta kama bene a Anbariyya, saman wani shagon turare. Karatu bayan La'asar. Ɗayyabu ya shiga, kuma ya yi karatu, wannan kowa shaida ne. Har ya rame.

Ranar Juma'a 'yan gida kan taru shan shayi a ɗakin Rabo direba, kuma sai an taɓa maganar. Dakta Abdulazeez, malamin jami'a, shi ke farawa.

"Ɗayyabu, wa ya tantance makarantar nan taku? Kanti ne fa. Ka biya, a naɗe maka."

Rabo ya ce, "Haba Dakta! Ku dai ba ku so a taddo ku. Ilimi a ka yake ko a hatimi?"

"To ya kai musu kan nasa ofis, su buga masa hatimin a goshi."

A yi dariya. Ɗayyabu ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba.

Ranar da ya karɓi takardarsa, bai jira komai ba, ya buga waya gida ya ce Sakinatu ta shirya. Ita kuwa ta yi yadda mai tafiya Madina ke yi. Ta bi dangi gida gida tana sallama da neman gafara. Ta rabar da kwanukanta. Tsofaffi suka riƙa kawo sautu, wannan kuka da daddawa ga ɗanta, waccan a yi mata addu'a a Rauda.

Sannan ya kai takardar inda hukuma ke amincewa da digirin waje. Ma'aikacin ya juya ta, ya turo masa. Ba su san da wannan makaranta ba.

Ya koma benen. A buɗe yake, har da sababbin ɗalibai. Manajan ya ba shi kujera ya ce ana kan magana da hukuma, in sha Allahu.

Ya daɗe yana zagaya rumfar waya kafin wata Azahar ya shiga.

"Malam, ka ji ni shiru? Jakar sautu ta fi tawa nauyi," in ji Sakinatu, tana dariya.

Ya gaya mata. Dariyar ta tsaya.

"To in ce wa mutane me? Har Sabuwa da muke gaba na je na durƙusa mata. Jiya Inna ta sa an yi min addu'ar tafiya."

"Ki ce an ɗaga."

"Zuwa yaushe?"

Na bayansa a layi ya ƙwanƙwasa gilashi. Ɗayyabu ya ɗaga masa hannu alamar ya yi haƙuri, ya gyara riƙon wayar.

"Malam, zuwa yaushe?"