Na Ce Ba Ya Aiki, Alhali Ban Sani Ba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku na rayuwarsu, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa kayan, ko Allah zai sa wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Lokacin da abin nan ya faru muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ni budurwa ce, ɗaliba a shekarar ƙarshe ta karatun malanta, kuma darasin da na fi ji da shi shi ne ilimin halayyar ɗan Adam. 'Yar manomin shinkafa ce ni, gidanmu na Birnin Kebbi, gonarmu na fadamar Zauro. Ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare, kuma gaskiya abin ya hau mini kai. In na dawo hutu ko miya aka zuba mini sai na yi mata sharhi. Har suna ƙannena suka laƙaba mini, wai Bincike-Ya-Nuna, don ba na buɗe baki ban fara da haka ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu a unguwar Badariya, Kirista ce daga tsakiyar ƙasar nan, mijinta na sayar da kayan gini. Anti muke ce mata. Malama ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Argungu, sai ƙarshen mako take dawowa gida. Ita ce ta yi ta sintiri wurin babana har ya yarda na ci gaba da karatu, ita ce kuma ta raka ni tasha ranar da zan tafi. In da Sallah mu kai musu nama, in da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da kaza. Ba na jin akwai wadda nake jin nauyinta bayan mahaifiyata kamar ita.

Ɗalibanta yawanci 'ya'yan masunta ne da manoman albasa, masu ƙoƙari a aji, amma da an ce jarrabawa sai wasu su rikice. Wata hannunta ya kama rawa, wata ciki ya murɗa mata, wata ta zauna tana kallon takarda har a karɓe. Sai Anti ta ƙirƙiro wani zama duk ranar Alhamis bayan la'asar a gindin mangwaro. Tana koya musu jan numfashi a hankali, ta sa kowace ta faɗi abin da take tsoro da bakinta, su yi jarrabawar wasa, a yi ta dariya. Da aka kawo sabuwar shugabar makaranta, sai ta ce lokacin nan ya fi dacewa da ƙarin darasin lissafi. Ba muguwar mace ba ce, hujja kawai ta nema: in zaman yana rage wa yara tsoro a nuna mata, in ba haka ba a tashe shi. Ni kuma a daidai lokacin nake neman abin da zan yi binciken kammala karatu a kai. Anti ta yi murna ƙwarai, ta ce ga ɗiyarta ta zo da ilimi, ita za ta fitar da ita kunya.

Na tsara tambayoyin auna fargaba, na raba wa 'yan ajin ƙarshe a farkon zango, da niyyar in sake raba musu a ƙarshensa. Yaran suna jin kunyar rubuta sunayensu, ni ma littafi ya ce a kiyaye sirrin waɗanda ake bincike a kansu, don haka na ce kada kowa ta sa suna. Anti ta ba ni shawara, ta ce to kowace yarinya ta zana wata 'yar alama tata a saman takarda, ko kifi, ko albasa, ko tauraro, ta kuma maimaita ta a karo na biyu. Ba don lissafi ta faɗa ba, so take ta gane wadda tsoronta bai ragu ba ta ƙara jan ta a jiki. Na yi murmushin nan na wanda ya sani, na ce mata bincike ba wasan yara ba ne, mu da matsakaicin maki muke aiki, ba da mutum ɗaiɗai ba. Ta ce to, ta bar mini, ni na sani.

Da na tattara takardun duka biyu na koma makarantarmu, malamin da ke duba aikina ya yi tafiya. Maimakon in jira shi, sai na yi abin da kowa ke yi a lokacin: na ari aikin wani da ya gama kafin mu, na bi sawunsa. Shi ya kwatanta maza da mata ne, ya yi amfani da gwajin ti, wanda ake duba ko bambancin matsakaicin rukuni biyu na gaske ne ko kuwa dace ne kawai. Na ce ai ni ma rukuni biyu gare ni, na farkon zango da na ƙarshe. Na zauna da kalkuleta na yi ta dannawa. Matsakaicin fargabar ya sauka, na gani da idona, amma lambar da na samu ba ta kai wadda ke cikin jadawalin bayan littafi ba. A ƙa'ida, ma'anar haka ita ce ban samu isasshiyar hujja ba. Ni kuwa a kaina sai na karanta shi da cewa zaman ba ya aiki, kuma har wani daɗi na ji, wai ni ce mai gaskiyar da ba ta duba fuskar kowa.

Aka kira ni taron malamai a Argungu. Na sha lulluɓi na miƙe a gaban mutanen da duk sun girme ni, na ce bincike ya nuna zaman Alhamis ba ya rage fargaba ko kaɗan. Da wannan ko kaɗan ɗin na rufe bakin kowa, kuma babu shi a cikin lissafina, ni na ƙara don maganar ta yi armashi. Anti ta ce ita dai tana ganin canji a yaran, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na amsa mata a gaban jama'a cewa ido yana ganin abin da zuciya ke so. Shugabar ta yi mini godiya, ta ce daga mako mai zuwa lissafi za a riƙa yi. Mota ɗaya muka shiga zuwa Birnin Kebbi, Anti na kallon gulbi ta taga, har ta saya mini soyayyen kifi a tasha kamar yadda ta saba.

Da malamina ya dawo ya karanta aikin, tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce yaran da na auna a farko su ne na auna a ƙarshe? Na ce su ne. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce gwajin ti iri biyu ne: akwai na rukuni biyu da ba su haɗa komai ba, akwai na mutanen da aka auna sau biyu, kuma ni na ɗauki na farko alhali na biyu ne nawa. Ya ba ni misali da mai kiwon raguna da ke son sanin ko dusa na sa ƙiba. In ya auna kowane rago kafin da bayan kiwo, zai ga abin da kowane ya ƙara. In kuwa ya haɗe su gaba ɗaya, manya da ƙanana, tazarar da ke tsakanin babban rago da ƙarami za ta iya haɗiye ƙibar har ya kasa ganinta. Haka yaran nan, wata dama mai tsananin tsoro ce, wata ba ta cika damuwa ba, abin dubawa shi ne kowace da kanta. Ya ƙara da cewa ko da gwajin daidai na yi, rashin samun hujja daban, tabbatar da babu daban. Sannan ya ce abin mai sauƙi ne, in haɗa takardar kowace yarinya ta farko da ta ƙarshe mu sake lissafin.

A nan na tuna da shawarar Anti. Babu suna, babu kifi, babu albasa. Na zazzage takardun na yi ta kwatanta rubutu, amma tambayoyin na zaɓi ne, kowa alamar biro kawai ta yi. Yaran kuma sun riga sun gama makaranta sun watse garuruwansu. Na koma wurin shugabar na yi mata bayani, ta saurare ni da mutunci, ta ce ta ji, amma yanzu ma ai ban kawo mata hujjar cewa yana aiki ba, ga shi an riga an tsara jadawalin darussa. Gaskiya ta faɗa.

Babana ne ya fara lura na daina leƙa gidan Anti, ya tambaye ni wai mi ya haɗa ni da matar da ta tsaya mini. Da yamma na shiga na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na kwashe komai na gaya mata, har da ragunan. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni a hankali, to yanzu zaman nata yana aiki ko ba ya aiki? Na so in ce yana aiki don in faranta mata, amma na ga in na faɗa na maimaita laifin ne ta wata fuskar. Na ce mata ban sani ba, kuma babu yadda za a yi in sani. Ta gyaɗa kai, ta ce da haka na faɗa a ranar taro, da har yanzu suna zama a gindin mangwaro. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ta yafe, ta kuma hana ni tafiya sai da na ci abinci. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na gyara rubutun, na ci jarrabawata, na yi shekaru ina koyar da wannan darasin. Anti da mijinta sun koma garinsu daga baya, zaman Alhamis kuma bai sake dawowa ba. Har yau in na ga yarinya tana rawar hannu a ɗakin jarrabawa sai in tuna waɗanda suka zo bayan wancan ajin ba su samu mai zaunar da su ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na sa shi a wuyana na kuma sa wa wadda ta fi ƙaunata. Ina roƙon ɗalibai masu bincike, kafin ku taɓa kalkuleta ku tambayi kanku su wa kuka auna, sau nawa, kuma wane gwaji ne ya dace da su. Kada ku ari na wani don kun ga ya ci da shi, ku jira malaminku ko da zai ɓata muku lokaci. In lissafi bai nuna muku komai ba, kada ku ce babu, ku ce ba ku gani ba, domin akwai mai jiran maganarku ya yanke hukunci a kan wani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni kalma uku kawai aka buƙata daga bakina a gaban taron nan, ban sani ba, sai na kai su gidan Anti bayan an riga an tashi zaman.