Enid Thornbeck da Littafin da Na Sayar

Ranar Talata, huɗu ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Enid Thornbeck a gidanta da ke bayan coci, tana da shekara saba'in da tara. Fasto ya ce in rubuta wani abu a takardar coci, tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ya manta ina ɗan shekara sha biyar na bar makaranta, kuma a ranar nan malamai sun fi ni murna. To ga shi, Yaya, ki karɓa yadda ya zo.

Bari in fara da laifina kafin wani ya riga ni. Shekara sha ɗaya da suka wuce, matata Maureen ta ce in kwashe tarkacen da ke cikin rufin gida in kai gwanjon coci. Na kwashi kwali huɗu ban leƙa ko ɗaya ba, don ƙarfe uku za a fara ƙwallo. A ƙasan na huɗun akwai Baibul ɗin gidanmu mai bangon fata, wanda a shafukansa na farko aka rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa ta zuriyar Thornbeck tun kaka da kakanni. Al'ada ta ce ɗa namiji ke riƙe shi. Da al'ada tana da hankali, da ke ta ba.

Desmond Garside, mai mashayar bakin kasuwa, shi ya sayi kwalin. Ya sa littafin a akwatin gilashi a bayan kanta tsakanin kwalabe, ya laƙa wa mashayarsa sunanmu, yana gaya wa baƙi wai kakarsa 'yar Thornbeck ce. Kakarsa! Matar da ko karen gidanmu bai san ta ba.

Yaya, ke kika koya mini darajar sunan nan. Ina ɗan shekara bakwai na dawo gida ina kuka, yara sun ce babu mai irin sunana a duk garin, lallai tsinto mu aka yi. Lokacin an yi fari, ruwan dam ya ja baya. Kika kama hannuna muka taka har can, kika nuna mini wata gada ta dutse da ta leƙo daga cikin laka, da tushen gidaje biyar. Kika ce nan ne Thornbeck, ƙauyen da aka nutsar don mutanen birni su sha ruwa, kuma a tsohon yaren arewacin ƙasar nan ma'anar sunan rafi mai ƙaya a bakinsa. Duk mai wannan suna, ko a ina yake, daga gidajen nan biyar ya fito. Kika share mini majina da gefen rigarki kika ce, "Su masu suna irin na kowa, ka tambaye su ina gadarsu."

Ba ki yi aure ba, ba don an rasa masu so ba. Na tuna wani direban bas da ya yi shekara biyu yana kawo miki furanni. Kika ce masa, "Kai kana da kirki, amma in na aure ka sunana zai tafi, kuma naka akwai shi shafi tara a littafin lambobin waya." Ni kuwa da aka dogara da ni, Allah ya ba ni 'ya'ya mata uku, duka sun yi aure, kowacce ta ajiye sunan a ƙofar coci kamar lema.

Da littafin ya salwanta ba ki zage ni ba, da ma kin zaga. Kika ɗauki bokiti da buroshi kika shiga maƙabartu kina wanke duwatsun kaburbura kina kwafe sunaye. Kika bi rajistar coci-coci har idonki ya raunana. Kika rubuta wa duk wani Thornbeck da kika ji labarinsa wasiƙa, har kika gano mu arba'in da uku ne a duniya: sha tara a ƙasar nan, saura sun watsu Kanada da Ostireliya. Duk jaririn da aka haifa da sunan sai kin saƙa masa hular ulu. Har wanda aka haifa a Ostireliya tsakiyar zafi kin aika masa, uwar ta turo hotonsa yana gumi a ciki, kika rataye a falo. Amma tsara uku na farko babu su a dutse, babu su a rajista, ruwa ya cinye. Suna cikin littafin kaɗai.

Sau uku kika je wurin Garside da sandarki, kina roƙon ya bar ki ki kwafa kawai. Sau uku ya ce makullin akwatin ya ɓata. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko kujera bai miƙa miki ba. Desmond, wannan ba zan manta ba, ko ka ga an sa ni a akwatin gawa kada ka saki jiki.

Ga abin da na ɓoye. Tun makon farko na je masa, na kira shi ɓarawon kabari a gaban mutane, na juye masa kofin giya a ka. Ya goge fuska ya ce, "Cliff, littafi naka ne duk ranar da ka tsaya nan, ranar Lahadi, wuri a cike, ka cire hula ka ba ni haƙuri." Na ce gara in shanye dam. Shekara sha ɗaya ina kallonki kina rarrafe a maƙabarta, ban gaya miki ba.

A watan jiya, kina kwance, na kawo miki shayi. Kika ce, "Cliff, wuyan nan naka har yanzu bai lanƙwasu ba?"

Na ce, "Wane wuya, Yaya?"

"Kai sakarai, Garside ya gaya mini tun zuwana na farko."

"To me ya hana ki ce in je?"

"Sunan nake tsarewa. Zan aiki mai sunan ya sunkuya wa Garside ina gani? Amma in na tafi ka je. Ba za a bar mutuwata ba a rubuta ba."

Ranar Juma'a za mu yi jana'iza. Mutum talatin da ɗaya cikin waɗanda kika yi wa wasiƙa suna hanya, kuma na roƙe su su kai Lahadi, ranar da Garside ke gasa nama yana cika tebura. Ƙarfe sha biyu za mu shiga. Zan cire hula, zan faɗi abin da ya ce in faɗa, zan karɓi littafin. Daga nan kowane Thornbeck zai ja kujera ya nemi ruwan famfo, wanda doka ta ce mai mashaya ya bayar kyauta. Za mu sha a hankali har la'asar, namansa yana bushewa, ina karanta sunayen shafin farko da ƙarfi, mu ji inda kakarsa take. Ba na tsoron ya ga wannan takarda. In ban da wajen gwanjo, rabonsa da coci tun ranar baftismarsa, ranar ma ɗauko shi aka yi. Fasto ya tuna mini ramuwa ta Allah ce. Na yarda, ni ɗan aike ne kawai.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ya haɗa ki da waɗanda kika wanke wa duwatsu, su gane ki tun daga nesa. Ina yi wa Maureen ta'aziyya, wadda ta yi jinyarki fiye da ni, da 'ya'yana da kika raina kamar naki, da sauran dangi na kusa da na ƙetaren teku. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ni kuwa saura nawa. Na tsaya gaban madubi sau shida ina gwada cewa "Ka yi haƙuri, Desmond," har yanzu a maƙogwaro yake tsayawa. Amma zai fito ranar Lahadi ko da tari ne, don akwai layin da zan rubuta da hannuna a ƙarƙashin na Baba: Enid Thornbeck, huɗu ga Maris.

Ƙaninki,
Clifford Thornbeck