Mai Duba Kunnuwan Shanu

Duk ranar kasuwa ina ganinsa a Illela, wani dattijon Bafulatani siriri, da igiyar maruƙa a kafaɗa. Ba ya taya komai, kunnuwan shanu kawai yake dubawa. Ina jin garkensa aka kore. Tun da fatake suka cika garin sata ta yawaita. Ni ma an kwashe littattafan da na sauke don sayarwa, har yanzu motsi kaɗan sai in waiwaya.

Yau ya yi kiran shanunsa, wata jar saniya ta ɗago kai.

"Wagga tau ta," ya ce.

"Ina shaida, Baffa?" in ji dillali.

Ya kama kunnenta. An yanke wurin tsagar da yake yi wa shanunsa shaida, har ya warke. Ya daɗe yana shafa wuyanta, sannan ya matsa ga ta gaba.