Wankan Jego da Rumbun Turawa

Shekarar da ƙanwata ta yi haihuwar fari, ni aka tura Gyadi-Gyadi in yi mata wankan jego, don ƙafar Inna ta riga ta ƙi. Mun so mu ɗauko ta zuwa gida Darmanawa, amma mijinta ya ce wankan gida al'adar ƙauye ce, shi gidansa akwai gas. Haka ya faɗa yana hura hanci, sai ka ce shi ya haƙo gas ɗin.

Gidan haya ne mai tayil har tsakar gida, kuma mai gidan ya hana hura icce ko gawayi. Sanyi ya sauka sosai a lokacin, ga mai jego tana bukatar tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, ban da kunun kanwa. Washegarin suna tukunyar gas ta mutu murus.

Na sami mijin nata a falo yana latsa waya. Na ce, "Malam, gas fa ya ƙare."

Ya ce, "Yaya, ki ɗan ƙara haƙuri. Duk wanda ya cika tukunya yanzu ya tafka asara. Rumbunan gas na Turawa a cike suke maƙil, kuma masana sun ce sanyinsu na bana ba zai yi tsanani ba. Mako mai zuwa farashi zai faɗo warwas."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba ya san abin da ke rumbun Bature, bai san abin da ke kicin ɗinsa ba. Da rashi ne wallahi da na rufa masa asiri, amma albashinsa na shiga lafiya lau. So kawai yake ya zauna a majalisarsu ta Tarauni ya ce shi ya saya da araha lokacin da wawaye suka saya da tsada. Ban taɓa raina namiji irin yadda na raina shi a ranar ba.

Na ce to ni zan cika. Ya ce cin fuska ne baƙuwa ta ciyar da gidansa. Ya ɗauki tukunyar ya kulle a but ɗin motarsa, wai ta zama cikin shiri. A madadinta ya kawo mini 'yar hita, a layin da wuta ke zuwa ta koma kafin bokiti ya yi ɗumi.

Maƙwabciyarsu, wata malamar makaranta 'yar Filato, ta bar ni ina tafasa ruwa a kicin ɗinta. Da na ga wutar gas ɗinta ta fara ja alamar ƙarewa, kunya ta hana ni komawa. Na koma kan hita. Kullum in tambayi ƙanwata yadda ruwan yake, ta ce, "Ya yi zafi, Yaya." Na yarda, don ina so in yarda.

Makon ya zo, farashi ya ƙara hawa. Ya ce wani jirgin ruwa ne ya makara.

Wata safiya na tsoma ganye na yarfa mata a baya, ko motsi ba ta yi ba, sai haƙoranta da na ji suna haɗuwa. Na taɓa wuyanta, zazzaɓi rau. Ƙafafunta sun kumbura. Na ɗaure kayanta, na goya jaririyar, na tare adaidaita sahu.

Ya biyo mu bakin ƙofa da waya a hannu. "Haba Yaya, me mutane za su ce?"

Na ce, "Ka karanta musu abin da masana suka ce."

Mun kusa titin Zariya, tana jingine a kafaɗata tana rawar ɗari, sai na ji ta ɗago kai. Na zaci asibiti za ta ce mu fara biyawa.

Ta ce, "Yaya, in Inna ta tambaya, ki ce ni na matsa sai na zo gida. Kar ki ce gas ne."