Akodiyan Ɗin Da Na Baro a Kusuri

Litinin: Kano zuwa Maiduguri

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidana a Ƙofar Na'isa, jaka a kafaɗa, sefa dubu ɗari uku a lalitar da ke ƙuguna. Da ƙafa na taka har bakin titi, don babur ɗina wata guda ke nan da sayar da shi. Hajara matata ta rako ni zaure, ta ce, "Allah Ya tsare hanya. Ita ma ta ce a yi maka addu'a."

Ku da kuke damuna a majalisa da tambayar abin da ya kai ni Kamaru, ga shi na rubuta. Ku karanta ku ƙyale ni.

Shekara ashirin da shida ina kaɗa akodiyan, abin kiɗan nan mai zugazugi da ake ratayawa a ƙirji, a gidajen biki. Bara zugazuginsa ya yage, baduku ya liƙe, ya sake yagewa, sannan muryoyin ciki suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na je shagon kayan kiɗa a Sabon Gari, mai shagon ya ce sai an yi oda daga waje, da dala. Ya danna lissafi a waya ya nuna mini, miliyan ɗaya da ɗoriya. Na ce masa ba mota na zo saya ba.

Da na haƙura, ba don wadda Hajara ta kira "ita" ba. 'Yata ce ta fari. A gidanmu uba ba ya kama sunan 'yar fari, ba ya hira da ita. Shekararta ashirin da biyu, in na shigo tsakar gida sai ta shige ɗaki. Ko fensir ba ta taɓa roƙona ba. Da aka sa ranar bikinta sai ta aiko uwarta, wai ita ranar kamu ba ta son dije mai sa kiɗa a na'ura, kiɗan Baba take so. Abin da ta taɓa nema a wurina ke nan a duniya.

Wani direban tirela ya ba ni lambar wani tsoho a garin Kusuri na Kamaru mai sayar da nasa akodiyan, ƙirar Italiya. Muka yi ciniki a waya, sefa dubu ɗari uku. Ranar da muka fara magana kuɗin bai kai naira dubu ɗari biyar ba. Ina tarawa naira tana zubewa, ina binta tana gudu. Sai na sayar da babur, na haɗa da abin da ke hannuna, dubu ɗari bakwai da ashirin, na kai wa Alhaji Sabo mai canji na ce ya ba ni sefa. Ranar har cika baki na yi a majalisa, na ce yau na yi wa naira wayo.

Mota ta tashi shida da minti goma, kuɗin mota dubu goma sha shida. Wudil, Azare, sai Potiskum inda na ci shinkafa da wake na dubu ɗaya da ɗari biyar, waken ana iya ƙirga shi. Daga Damaturu direba ya taka mota kamar ya sato ta. Na ce, "Direba, da iyali fa muke." Ya ce, "Baba, in aka rufe hanya kafin mu shiga, iyalin naka ne za su ba mu wurin kwana?" Biyar saura kwata muka shiga Maiduguri, tafiyar kilomita kusan ɗari shida. Na kwana a rumfar direbobi, tabarma naira dubu.

Talata: Maiduguri zuwa Gamboru

Tun bakwai muka hau layi, ba a tashi ba sai goma, don hanyar ba a binta sai da rakiyar sojoji. Kilomita ɗari da arba'in, amma awa shida muka yi. A kowane shinge sai an sauka, a taka da ƙafa, a nuna kati, a koma mota. A Dikwa na sayi ruwa da gyaɗa. Garuruwan da muka wuce ba zan ba da labarinsu ba, gidaje ne babu rufi.

Wani ɗan kasuwar barkono da ke kusa da ni ya tambaye ni abin da zan saro. Na faɗa masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kiɗa? A wannan marrar?" Na ce, "Kai da ka taho sayar da yaji ga mutanen da ba su da miya fa?" Bai ƙara yi mini magana ba har Gamboru. A nan na kwana a shagon wani tela Bakano, bai karɓi ko sisi ba.

Laraba: Fatakol zuwa Kusuri

Bakwai da rabi na tsallaka gada da ƙafa na shiga Fatakol, ƙasar Kamaru. Na zauna wurin mai shayi, na sha, na zaro takardar sefa da isa na miƙa masa. Ya juya ta ya maido mini.

"Malam, wannan ba ta ci a nan."

"Jabu ce?"

"Ba jabu ba ce. Ta Nijar ce. Tamu daban." Ya zaro tasu ya ajiye kusa da tawa. Launi daban, zane daban.

Ashe kuɗi iri biyu ne. Nijar da su Kwatano suna da nasu, Kamaru da Cadi suna da nasu. Ni da na tsaya a aji biyu na sakandare, wa ya taɓa gaya mini? A Kano duk sefar da na taɓa gani ta 'yan Maraɗi ce. Shayin nan da naira na biya shi.

Na je teburin masu canji. Na farko ya ce a kowace dubu goma tawa zai ba ni dubu tara tasu.

Na ce, "An ce darajarsu ɗaya."

Ya ce, "A takarda ɗaya ce. Ni zan ɗauke ta in kai ta inda take ci, Alhaji. Motar kyauta ce?"

Na ce masa ɓarawo ne mai tebur. Ya yi dariya ya ce in gaida Kusuri. Na canza 'yar nairar guzuri na biya mota. Kilomita ɗari, awa biyar, hanyar duk rami. Na isa da la'asar, na zaga masu canji huɗu kafin magariba. Wanda ya fi tausayi a cikinsu dubu takwas da ɗari biyar ya ce. Wato dubu ɗari ukuna ta koma ɗari biyu da hamsin da biyar, ba tare da na kashe ko ƙwandala ba.

Alhamis: Kusuri

Tara na safe na sami gidan tsohon, ɗaki ɗaya a bayan kasuwar kifi. Sunansa Baba Attayib, dogo, siriri, da farin rawani. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya bar Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a hanya, bai ƙarasa ba bai dawo ba. Hausarsa irin ta tsofaffin da muka binne ce.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗan Kano, Ƙofar Mazugal tana nan? Kakana kullum sai ya ambace ta."

Na ce, "Sunan yana nan, Baba."

Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado ya buɗe. Akodiyan ɗin ja ne, maɓallansa sun yi ruwan ƙwai don tsufa, amma zugazugin ko ƙwarzane babu. Na rataya shi, na ja sau ɗaya. Shekara guda rabona da wannan sautin. Sai da na juya fuskata wajen bango.

Na zazzage masa kuɗin a tabarma na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya faɗa mini dalilin sayarwar. Yaƙi ne ya koro su. Matarsa da jikokinsa huɗu suna sansanin gudun hijira can gabashin Cadi, mai motar da zai kwaso su ya yanke kuɗinsa, ba ya ragi.

Ya ce, "In na karɓi taka, ni za a yanka a teburin canji. Na sauke maka dubu goma, kuɗin abincinsu na hanya ke nan. Ƙasa da haka, sai dai in zaɓi jikan da zan bari."

Saura dubu talatin da biyar. A farashin ranar, kusan naira dubu ɗari. A aljihuna dubu arba'in ce, kuɗin komawa. Kada wani a cikinku ya ce me ya sa ban kira shi ba. Na san aljihunku.

Na fita waje na kira Hajara. Ta yi salati, ta ce in ba ta minti goma. Da ta sake kira sai ta ce, "Malam, ta ce a sayar da kekenta na ɗinki. Maƙwabciya za ta saya yanzu, a turo maka."

Keken nan shekara biyu tana yi wa mutane aikin hannu kafin ta saye shi. Da shi za ta tafi gidan miji, da shi za ta ci abinci ranar da mijin ba shi da shi, kuma ranar tana zuwa, don a ƙasar nan yake.

Na ce, "Ki ce mata a'a."

"Ita ta ce fa."

"Na ji. Ki ce mata a'a. Kiɗan awa biyu ne, Hajara."

Na kashe wayar na koma ciki. Na ce wa tsohon ciniki bai yiwu ba. Na fara cusa kuɗina a lalita. Ya ce, "Bikin wa za ka yi da shi?" Na gaya masa. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata, ya sa in nuna masa inda ake ɗaukar murya.

"Ɗauki ka kaɗa mata. Wannan ba na sayarwa ba ne."

Na rataya. Zan fara ya ɗaga hannu.

"Mu a wajenmu ba a fara kiɗan amarya sai an kira sunanta. Wace ce?"

Na ce, "'Yar fari ce, Baba."

Ya ce, "Kano tana da nisan kwana uku. Wa zai ji ka a nan, kifi?"

Na faɗi sunan. Bakina bai saba ba, sai da na faɗa sau biyu. Sannan na kaɗa, minti arba'in ba tsayawa, duk abin da na kaɗa wa 'ya'yan mutane shekara ashirin da shida. Mata masu kifi suka taru a ƙofa, wata ta rangaɗa guɗa. Da na gama na goge gumina daga jikin akodiyan ɗin da hulata, na mayar da shi akwati da hannuna. Baba Attayib ya ce wani ɗan Injamena zai zo ganinsa ranar Asabar. Na ce Allah Ya sa ya saya. Da gaske na faɗa, kuma sai da ya ƙona mini rai.

Juma'a zuwa Litinin: Komawa

Hanyar da na bi ita na biyo. Mai canjin Fatakol ya hango ni ya ɗaga murya, "Alhaji, ya Kusuri?" Na wuce abina. Asabar babu rakiya, na ƙara kwana a shagon tela. Lahadi Maiduguri. Litinin huɗu da rabi na yamma na sauka Kano da naira ɗari bakwai a aljihu.

Ban nufi gida ba, wurin Alhaji Sabo na fara zuwa, da niyyar tara masa jama'a. Na zube masa sefarsa na ce ya cuce ni.

Ya ce, "Malam, ka ce mini Kamaru za ka? Sefa ka ce, sefa na ba ka."

Gaskiyarsa ce, ita ta fi ba ni haushi. Ya ƙirga, ya danna waya, sai ya washe baki. Naira ta ƙara faɗuwa tun ranar da na saya. Ya miƙo mini dubu ɗari bakwai da tamanin.

"Ka ga har riba ka ci, dubu sittin! Da kiɗan ka bari ka dawo nan muka zauna."

Na bi ta wurin masu babura na tambayi irin nawa. Dubu ɗari tara. Ribar ke nan.

Gida

Ana kiran magariba na shiga lungunmu. Hajara ta dubi kafaɗata ta dubi hannuna, ta ce sannu da hanya. Na ji motsin mutum ya shige ɗaki. Na ba Hajara wayar na ce, "Ki ba ta. In sun ga dama su ba dijen ya sa ranar kamu." Na yi salla na zauna a zaure.

Can sai na jiyo muryar Baba Attayib daga cikin gida yana cewa wa zai ji ka, kifi? A nan na tuna ban goge farkon ba. Na ji muryata ta faɗi sunan, ta sake faɗa. Kiɗa ya fara, bai yi nisa ba aka tsayar, aka mayar farko. Aka sake. Na ƙirga sau shida, daga nan na daina ƙirgawa.

Hajara ta leƙo da kwanon tuwo, idonta ja. Ta ce, "Ta ce ba za a ba dije ba. Nata ne."

Bikin saura kwana goma sha ɗaya. Dijen zai zo da akwatunansa ya sa abin da ya ga dama, ni kuma ina zaure ina karɓar gaisuwa kamar kowane uba. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa telan Gamboru. Baba Attayib kuma, Allah Ya haɗa shi da jikokinsa huɗu cif. Sunan kuwa, kada ku tambaye ni a majalisa. Na faɗe shi a Kusuri, kuma mai shi ta ji.