Sajan da ya bar Guangzhou saboda anini ɗaya

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau in watan nan ya kama ba na iya zama wuri ɗaya. Nakan bar shago in yi ta zaga kasuwa, ba don ina neman komai ba.

Sale soja ne. Ya shiga yana kurtu, ya kai igiya uku, sannan ya ajiye kaki, amma sunansa ya zauna cikin waɗanda ake iya kira in buƙata ta taso. Ni na jawo shi Guangzhou. Muka kama ɗan ofis a ginin Tianxiu, muna raka 'yan kasuwar Kano da Maraɗi zuwa kasuwannin Canaan da Baima, muna haɗa musu kaya a kwantena. Aikin ya karɓe shi, Sinawa har lawban suke ce masa, wato maigida. Amma hankalinsa bai taɓa kwanciya ba. In babu baƙi, sai ya yi ta kai da kawowa a baranda, hannu a baya.

Da wasannin Olamfik na ƙasar Sin suka matso, gari ya yi mana zafi. Biza ta yi wuya, ana tare mutane a titi ana duba fasfo, duk inda ka je neman ƙarin kwanaki sai ka ji "meyo", babu. Wasu suka ɓuya a ɗaki, wasu suka tattara. A cikin wannan hali wani tsohon maigidansa na bariki ya kira shi: an buɗe wa tsofaffin sajoji hanyar yin kwas su zama hafsoshi.

Na yi masa faɗa irin wanda ƙane bai kamata ya yi wa wa ba. Sabon laftana daga ƙasa yake fara albashi, kuma babu wanda ya tabbatar masa za a duba shekarun da ya yi da igiya. Abin da zai karɓa a wata bai kai la'adar kwantena ɗaya ba. Na ce, "Yaya, 'ya'yanka huɗu. Ka je gida ka jira wasannin nan su wuce, ka dawo."

Ya ce, "Na sani, Auwalu. Amma na gaji da sara wa yaran da ba su taɓa kwana da yunwa a rami ba. In aka ba ni sojoji, ko ba komai suna da wanda ya san abin da ke cikin kwanonsu."

Ya tafi ana tsakiyar wasannin. Ya ci kwas, aka maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa, gidansa kuma ya shiga matsi kamar yadda na faɗa. Matarsa Hajara ta fara ɗinki don cikon cefane. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Bayan shekara uku motarsu ta soja ta faɗa kwanton ɓauna a hanya, aka kawo mana labarin rasuwarsa.

Yanzu na dawo Kano, kaya ta waya nake saye, kuma an ce unguwarmu ta Xiaobei a Guangzhou ba ta cika kamar da. Nakan ga ƙananan sojoji a waya suna kukan albashi da alawus, in ce da Sale na nan me zai ce? Zai ce na gaya maka, ko zai yi shiru? Har yanzu gardama muke yi da shi a raina, kuma ba kullum yake cin nasara ba.

Bara wani mutum mai ɗingishi ya zo shagona ya tambayi ƙanen Laftana Sale. Ya ce a ƙarƙashinsa ya yi aiki. Ya ce akwai lokacin da alawus ɗinsu ya maƙale, aka biya hafsoshi aka bar su. Sale ya ƙi karɓar nasa, ya je ƙofar mai biyan kuɗi cikin kaki ya tsaya, kullum, har aka biya kowa. Mutumin ya ce ɗansa na fari sunan Sale ya ci.

Ko wannan ya kai nauyin marayu huɗu da mace ɗaya a kan keken ɗinki? Ban sani ba, kuma na daina yi wa kaina alkawarin zan sani. Da na kai wa Hajara labarin, ta tsayar da keken, ta ce in nemo mata lambar mutumin, tana so ta ga yaron.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya sa ya huta.